Raɗar da Ke Sa Wani Barci, Ta Hana Wani Sakat

A ƙarshen daminar bana wani ɗan ƙanwata, haifaffen Damri da ke ƙasar Bakura, ya zo ya zauna a gidana saboda karatun da yake yi a Talata Mafara. Yaro ne mai natsuwa, ba ya da yawan magana. Wani dare na fito duba ƙofa, sai na hango hasken waya a ɗakinsa. Na leƙa, na tarar da shi kwance, idanu a lumshe, iyafis a kunne. A fuskar wayar kuwa wata Baturiya ce zaune gaban makirufo, tana motsa leɓe a hankali, tana goga farcenta a haƙoran mataji.

Na taɓa shi, na ce, “Kai, mene ne wannan?”

Ya tashi zaune cikin kunya, ya ce, “Kawu, wanga abu shi ka sa ni kwana.”

Na karɓa na saka a kunnena. Ban yi minti ɗaya ba na fizge shi. Ji na yi kamar wani baƙo ya manna bakinsa a kunnena yana lasar leɓe, tsikar jikina ta tashi, raina ya ɓaci ba tare da kowa ya yi mini laifi ba. Yaron ya yi murmushi, ya mayar da abinsa. Kafin in gama kulle ƙofa har ya fara minshari. Ni kuwa na kwana ina juya tambaya ɗaya: yaya aka yi sauti guda, daga waya guda, ya zama magani a kunnensa, ya zama azaba a nawa?

Da na bincika sai na tarar abin yana da suna, kuma yana da miliyoyin masoya a duniya. Turawa na kiran sa ASMR, laƙabin da wata Ba'amurkiya mai suna Jennifer Allen ta ƙirƙiro a 2010. Abin da ake nufi shi ne wani irin yarr mai daɗi da wasu mutane ke ji yana farawa daga tsakar ka, ya gangaro ta ƙeya zuwa gadon baya, tare da wata kasala da kwanciyar hankali, idan sun ji raɗa, ko ƙwanƙwasa abu a hankali, ko ƙarar buɗe shafin littafi, ko sun kalli wani yana aiki a tsanake. Tun kafin a sa masa suna, Amurkawa da yawa sun shaida cewa suna jin haka idan suna kallon Bob Ross, mai zanen nan mai sanyin murya da ya yi shiri a talabijin daga 1983 zuwa 1994. Yau a YouTube da TikTok akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai raɗa.

Binciken farko da ya yi suna a kan lamarin shi ne na Emma Barratt da Nick Davis na Jami'ar Swansea a Birtaniya, wanda ya fito a 2015. Sun tambayi mutum 475 masu jin wannan yanayi. Kashi 75 cikin ɗari suka ce raɗa ce ke tayar musu da shi, kashi 69 suka ce jin cewa wani ya mayar da hankali kacokan a kansu yana kula da su. Kashi 82 kuma suka ce don neman barci suke kallon bidiyon. A 2018 Giulia Poerio da abokan aikinta a Jami'ar Sheffield suka ɗauki matakin gaba, suka auna jikin mutane lokacin da suke kallo. Waɗanda ke jin yarr ɗin, bugun zuciyarsu ya ragu da kimanin bugu 3 a minti, fiye da yadda ya ragu ga waɗanda ba sa ji. Ke nan ɗan ƙanwata ba shirme yake yi ba. Jiki magayi, in ji Hausawa, kuma na'ura ta gaskata shi.

Sai dai da na ƙara tunani, na ga cewa bidiyon ne kawai sabo a wurinmu. Shi yanayin mun daɗe da saninsa, suna ne ba mu sa masa ba. Duk wanda ya taso a ƙauye ya ga yarinya ta ɗora kai a cinyar makitsiya, tana ta kuka a farko, amma da tsinke ya fara tsaga gashi a hankali sai gyangyaɗi ya kwashe ta. Mu maza mun san abin da ke faruwa a gaban wanzami: ya jiƙa kai da ruwa, ya murza da tafin hannu, ya wasa aska a fata, sannan a ji ta tana tafiya a hankali daga goshi zuwa ƙeya. Na sha ganin dattawa sun yi barci a zaune, alhali aska mai kaifi na yawo a kansu. Haka kaka idan tana tatsuniya da dare: tana farawa da murya sosai, tana rage ta kaɗan-kaɗan, har ta koma raɗa, lokacin nan jikoki sun zube ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma yayyafi a kan jinka, da ƙarar tankaɗe daga tsakar gida, da gudun ruwa a magudanan noman rani na Bakolori, madatsar da aka kammala a kan Kogin Sakkwato a 1978. Manomin shinkafa da ya taɓa kishingiɗa a bakin magudana da azahar ya san irin barcin da nake nufi.

Me ya haɗa waɗannan duka? Sauti ne marar ƙarfi, mai maimaituwa, wanda ba ya zuwa da ba-zata, kuma galibi yana fitowa daga wanda aka amince da shi, a kusa da jiki. Masana na ganin cewa ƙwaƙwalwa tana fassara irin wannan sauti da saƙo ɗaya: babu haɗari, wani na kula da kai, kana iya sakin jiki. Birai suna ɓata sa'o'i suna tsefe wa juna gashi, kuma masanin nan Robin Dunbar na Jami'ar Oxford ya daɗe yana bayanin cewa wannan tsifa ita ce igiyar zumuncinsu. Ɗan Adam ma da hannu da murya ake fara lallashinsa. A 2020 masu bincike a Jami'ar Harvard sun kunna wa jarirai 144 na Amurka waƙoƙin reno daga al'ummomi masu nisa, cikin harsunan da jariran ba su taɓa ji ba, sai bugun zuciyarsu ya sauka fiye da yadda ya yi da aka kunna musu wasu waƙoƙin. Wato jariri ba ya bukatar ya fahimci kalma, yanayin muryar ya ishe shi. Wannan ya bayyana mini yadda yaron da bai ƙware a Turanci ba yake samun barci daga raɗar Baturiya. Makirufo mai kunne biyu da masu bidiyon ke amfani da shi yana sa muryar ta zo kamar daga bayan kunne, ta kwaikwayi kusancin makitsiya da na kaka.

To, ni fa? Me ya sa kusancin ya zame mini kutse?

A nan ma akwai suna. A 2001 wasu masana ji biyu, Pawel Jastreboff da Margaret Jastreboff, suka ƙirƙiro kalmar misofoniya daga harshen Girka, ma'anarta ƙin sauti. Mai wannan lalura ba ƙarar tsawa ko ta jirgi ce ke damunsa ba. Ƙananan sautuka ne, mafi yawa na baki da hanci: taunar abinci, zuƙar shayi, jan majina, numfashi, haɗiyar yawu. Idan ya ji su sai fushi ya taso masa nan take, ko ya ji dole ya bar wurin. Kowa a cikinmu ya ɗanɗana kaɗan daga wannan. Ka tuna ƙas-ƙas ɗin cingam a bakin wadda kuke kujera ɗaya a motar Gusau, ko kukan sauro guda a cikin gidan sauro, ko tsaki, wanda bai kai ƙarar faɗuwar cokali ba amma yana iya tayar da faɗan da sai an je gaban mai unguwa. Bambancin shi ne, ga wasu abin ya wuce ƙyama, ya kai ga hana su cin abinci da iyalinsu. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2023 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 18 cikin ɗari na manyan ƙasar suna da alamun da ke takura wa rayuwarsu.

A 2017 Sukhbinder Kumar da tawagarsa a Jami'ar Newcastle sun saka masu wannan lalura da waɗanda ba su da ita cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka kunna musu sauti iri uku: na yau da kullum kamar ruwan sama, masu ban haushi ga kowa kamar kukan jariri da kururuwa, sai kuma na tauna da numfashi. A iri biyun farko ba a ga wani babban bambanci ba. Amma da aka zo kan tauna, wani sashe na ƙwaƙwalwar masu lalurar, wanda aikinsa shi ne tantance abin da ya cancanci a damu da shi, ya ɗauki zafi fiye da kima, zuciyarsu ta ƙara gudu, gumi ya karyo. Kunnensu lafiya lau yake. Mai gadin da ke cikin ƙwaƙwalwarsu ne ke busa usur a kan abin da bai kai ba.

Abin mamaki, bincike ya nuna cewa masu jin daɗin raɗa sun fi sauran mutane yawan fama da ƙin wasu sautuka. Wanda ƙwanƙwasar farce ke sa shi barci yana iya zama shi ne taunar goro ke haukata shi. Wannan ya sa wasu masana ke kallon abubuwan biyu a matsayin 'ya'yan ciki ɗaya: kunne mai saurin kamawa da zuciya mai saurin amsawa, sai dai amsar tana iya karkata dama ko hagu.

Me ke karkatar da ita? A fahimtata abubuwa uku ne. Na farko halitta. Ramin kunnen ɗan Adam yana ƙara wa sautukan da ke kaɗawa sau 2,000 zuwa 4,000 a daƙiƙa ƙarfi, kuma a wannan zangon ne ƙarar farce a kan allo take. Yadda jijiyoyin ji suka haɗu da na motsin rai kuwa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kamar yadda wani ke jin cakulkuli wani ba ya ji.

Na biyu iko. Babu wanda taunar kansa ke dama, kamar yadda babu mai iya yi wa kansa cakulkuli. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun lura a 2013 cewa masu ƙin sauti ba sa jin haushi idan su ne ke yin sautin, kuma haushin yana raguwa idan daga dabba ko jariri ya fito. Ɗan ƙanwata shi ya zaɓi bidiyonsa, shi ya daidaita ƙararsa, yana iya kashe shi duk lokacin da ya so. Ni kuwa raɗar ta faɗo mini ne babu sallama.

Na uku, wanda ya fi ɗaukar hankalina, shi ne ma'ana. A 2011 wasu masana kiɗa biyu, Christoph Reuter da Michael Oehler, sun kunna wa mutane ƙarar farce a kan allo. Wasu aka gaya musu gaskiyar abin, wasu aka ce musu wani yanki ne na kiɗan zamani. Rukuni na biyu sun ce sautin bai yi musu muni sosai ba, duk da cewa fatarsu ta nuna jiki ya amsa. Labarin da zuciya ta ba wa sauti yana canza ɗanɗanonsa. Mu kuwa raɗa tana da fuska biyu a al'adarmu. Da ita uwa ke lallashin ɗanta, da ita ake yi wa majiyyaci sannu. Da ita kuma ake gulma da kitsa makirci, shi ya sa addini ya hana mutum biyu su keɓe da raɗa su bar na ukunsu, don kada ransa ya sosu. Ni na shafe shekaru a wani wurin aiki inda duk lokacin da murya ta yi ƙasa a bayan mutum, to ana saƙa masa wata mugunta ce. Ina kyautata zaton kunnena a can ya koyi darasinsa. Kunne ya girmi kaka, kuma ba ya mantuwa.

Wannan batu na ma'ana shi ya mayar da ni Damri. Washegari na zaunar da yaron, na tambaye shi tun yaushe ya fara wannan saurare. Ya yi shiru, sannan ya ce tun bayan abin da ya faru. Ban nemi ƙarin bayani ba, domin duk ɗan yankin ya san abin da ake nufi. Ranar Juma'a, 6 ga Mayun 2022, 'yan bindiga a kan babura suka afka wa Damri da Sabon Gari da Kalahe. Rahotanni sun ce an kashe mutum 48, mafi yawansu a Damri.

Kafin wannan bala'i ya mamaye Zamfara, ƙarar babur da yamma albishir ce. Maigida ne ya dawo daga kasuwar Talata da cefane, yara su ruga su tarbe shi. Yau a ƙauyuka da yawa na Bakura da Maradun da Mafara, idan aka ji babura fiye da biyu sun taho tare, tuwo ma ajiye shi ake yi. Injin bai canza ba, ƙararsa ba ta ƙaru ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Yaron ya gaya mini cewa abin da ya fi wahalar da shi ma shi ne shirun dare. Idan gari ya yi tsit sai kunnensa ya miƙe yana farautar ƙara daga nesa, haushin kare ko motsin ganye ya isa ya tayar da shi zaune. Raɗar da ke cikin wayar tana cike wannan gurbi, ta ba kunnen abin riƙewa marar haɗari, har barci ya sace shi.

Ƙasar da ta haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda kotsonsa da zaƙin muryarsa suka ratsa ƙasar Hausa, yau ɗanta ne ke neman barci a bakin wata baƙuwa daga ƙetaren teku. Na faɗi haka ba don in zargi yaron ba. Da dandali na nan, da kaka na iya tara jikoki a tsakar gida har dare ya raba ba tare da fargaba ba, da wataƙila bai nemi iyafis ba.

Mahaifiyarsa kuwa da ta ji labari faɗa ta yi, kuma tana da hujja. Ta ce a Mafara ya yi abin da ya ga dama, amma idan ya zo gida kada ya kuskura ya toshe kunnensa da dare, domin a ƙauye kunne shi ne maigadi. Wanda bai ji kururuwar farko ba, ana iya gudu a bar shi. Na rasa wanda zan ba gaskiya tsakanin uwa da ɗa, domin shi barci yake nema, ita kuma ransa take tsarewa. Daga baya muka daidaita a kan cewa idan yana gida zai ajiye wayar a gefen filo da ƙaramar murya, kunnuwansa biyu a buɗe.

Daga wannan duka ina da 'yan shawarwari ga mai karatu. Ga masu sauraren irin wannan bidiyo, su sani cewa hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa. Wasu masu yin sa sun mayar da shi hanyar tallata tsiraici, kuma mai hankali ya san inda zai tsaya. Ƙarar ruwan sama ko ta rafi, wadda babu fuskar kowa a cikinta, tana yi wa mutane da yawa aikin. A kuma kula da lafiyar kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke saurare, kuma kwana da abu a toshe cikin kunne kullum ba ɗabi'a ce mai kyau ba. Mafi muhimmanci, bidiyo yana rufe damuwa na dare ɗaya ne, ba ya cire ta. Wanda ya yi watanni yana firgita cikin barci, ko yake zabura da ƙaramin motsi bayan ya ga tashin hankali, yana bukatar ganin likita. Asibitin Tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke Kware a Jihar Sakkwato don irin wannan aka gina shi, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Na riga na yi wa yaron wannan magana, kuma ya amince mu je tare.

Ga iyaye da ma'aurata da ɗalibai masu kwana ɗaki ɗaya kuwa, ina roƙon a sassauta hukunci. Yarinyar da ke ɗaukar kwanonta ta koma gefe idan ana cin abinci, kafin a ce mata mai tsirfa ko mai girman kai, ko a fara zancen iska, a tambaye ta abin da take ji. Matar da ta ce zuƙar kokon mijinta na tayar mata da hankali, mai yiwuwa ba ƙiyayya ba ce, kuma abin takaicin wannan lalura shi ne ta fi tsananta a kan sautin makusanta. Kunna rediyo a hankali lokacin cin abinci, ko ɗan nisanta wurin zama, ya fi sauƙi a kan yaji da biko. Shi ma mai lalurar ya tuna cewa wanda ke taunar bai san yana yi masa laifi ba, don haka bayani cikin ladabi ya fi tsaki da harara. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ga hukumomi, ina tunatar da su cewa idan ana lissafin ɓarnar 'yan bindiga, rayuka da shanu da kuɗin fansa ake ƙirgawa. Babu mai ƙirga dararen da yara suka kwana ido biyu, alhali da safe ana sa ran su zauna a aji su fahimci lissafi. Cibiyoyin lafiya na matakin farko a Bakura da Maradun da Talata Mafara sun cancanci a ba su ma'aikatan da aka horar a kan gane firgici da rashin barci, su san wanda za su kwantar wa hankali da wanda za su tura gaba.

Jiya da dare na sake wucewa ta ƙofar ɗakinsa. Wannan karon ƙarar ruwan sama ce ke fitowa daga wayar, a hankali, ga shi kuwa kaka ta yi nisa, sama babu ko gajimare. Na ɗan tsaya ina saurare, kuma na yarda cewa wannan kam ni ma ta yi mini daɗi. Allah Ya dawo mana da dararen da za a kwana a Damri ba tare da kasa kunne ba.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.